Magogin Katako Na Biyu: A Gyara Ko A Sayar Wa 'Yan Gwangwan?



Maganata a yau a kan magogin katako na hannu ce, wato ƙarfen nan da kafinta ke fere katako da shi har ya yi sumul. Da yawa daga cikinmu sun gaji akwatin kayan kafinta, suka tarar da guda biyu iri ɗaya, ɗaya na aiki, ɗaya tsatsa ta cinye. Shin gyaran na biyun ya cancanci wahala?

Amsata ita ce e, muddin jikinsa bai tsage ba. Ku duba sunan da ke kansa. In Stanley ne, kamfanin Amurka ne da ya sayi ƙirar Leonard Bailey a 1869. In kuwa Record ne, an fara ƙera shi a birnin Shefil na Ingila a 1931. Mai lamba 4 da mai lamba 5 duk faɗin wuƙarsu inci 2 ne, saboda haka ta wannan tana shiga wancan.

Amfanin biyu kuwa a fili yake. Mai guda ɗaya kullum yana cikin daidaita wuƙa: ya zuro ta don cin katako mai kaushi, ya janye ta don gogewar ƙarshe. Mai biyu sai ya ware wa kowanne aikinsa, ya huta.

Gyaran ba ya cin kuɗi, haƙuri yake ci. A kwance shi, a wanke tsatsar da kananzir, a shimfiɗa takardar yashi a kan gilashi, a goga gindinsa har ya miƙe, sannan a wasa wuƙar. Amma in jikin ya tsage, kada a ɓata kuɗi wajen mai walda, domin ƙarfen zubi ne, zafi na iya karkatar da shi. A cire wuƙa da maraƙai a adana.

Roƙona gare ku mazauna birane: kada ku bari 'yan gwangwan su auna shi a kan sikeli. In ba ku da bukatarsa, ku gyara, ku aika gida ga yaron da ya gama koyon kafinta ba shi da jari. Da tsohuwar zuma ake magani.