Mafaɗan Ruwa na Yankin Tafkuna a Ingila, da Hanyoyin da ke Kai Mutum Gare Su



Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama. Abin da za mu yi magana a kansa a yammacin nan shi ne wani yanki na ƙasar Ingila wanda Turawa ke kira Lake District, watau Yankin Tafkuna, da yadda mutane ke takawa da ƙafa cikin duwatsunsa don kallon mafaɗan ruwa. Wataƙila wani zai ce a ransa, me ya haɗa ɗalibi mai fama da jarrabawa, ko ƙaramin ma'aikaci mai jiran ƙarshen wata, da yawon kallon ruwa a ƙasar wasu? Dalilinmu shi ne, kowace hanya da ke kai mutum gindin ruwan nan tana da tarihi, kuma a cikin tarihin akwai hannun majalisa da na ma'aikata da na talakawan da suka yi karo-karo. Irin kujerun da waɗancan suka zauna a kai su ne ke jiran da yawa daga cikin mutanen da ke zauren nan.

Bari mu fara da ƙasar kanta. Yankin yana arewa maso yammacin Ingila, cikin lardin Cumbria, ba nisa da iyakar Sikotlan. Girmansa ya ɗara murabba'in kilomita 2,300 kaɗan. A nan ne dutsen da ya fi kowane tsawo a Ingila yake, watau Scafell Pike, mai mita 978. A nan ne kuma tafki mafi girma yake, Windermere, mai tsawon kusan kilomita 18, da mafi zurfi, Wastwater, mai mita 79. Iska tana tasowa daga Tekun Atlantika ɗauke da danshi, in ta ci karo da duwatsun sai ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da abin da ta ɗauko. Saboda haka ƙauyen Seathwaite yakan sami kimanin milimita 3,500 na ruwan sama a shekara, watau wajen ninki uku na abin da ke sauka a Kano, ko ma fiye.

Ruwan sama kaɗai bai isa ya yi mafaɗa ba, sai ya sami inda zai faɗo. Fiye da shekara 10,000 da suka wuce, ƙanƙara ce ta lulluɓe yankin. Manyan curin ƙanƙara sun riƙa gangarowa sannu a hankali cikin kwaruruka, suna kankare dutse kamar yadda ake kankare ƙanzo a tukunya. Inda ƙanƙarar ta fi kauri ta fi yin rami mai zurfi. Ƙananan kwarurukan gefe kuwa, da yake ƙanƙararsu ba ta da nauyi, sai aka bar su can sama a rataye. Da ƙanƙarar ta narke, ramukan ƙasa suka zama tafkuna, rafukan da ke sama kuma ba su da hanyar isa tafki sai ta tsirgowa. Asalin yawancin mafaɗan yankin ke nan. Mutanen wurin sukan kira mafaɗar ruwa "force", kalmar da suka gada daga mutanen Nowe na dauri waɗanda suka zauna can wajen ƙarni na 10, shi ya sa za ku ji ta a ƙarshen sunayen da za mu ambata.

Wadda ta fi suna ita ce Aira Force, kusa da tafkin Ullswater. Daga bakin titi hanyar ƙafa ta ratsa wani kurmi, tafiyar da ko dattijo zai iya. Ruwan yana faɗowa kimanin mita 20 cikin wani matsatsin dutse, akwai gadar dutse a bisansa, akwai wata a gindinsa, don haka mutum yana iya kallonsa ta sama da ta ƙasa. Mafi tsawo duka ita ce Scale Force, mai kimanin mita 52, amma ita sai an sha wuya. Daga ƙauyen Buttermere akan bi gefen tafkin Crummock Water, tafiyar kilomita 3 zuwa 4 cikin taɓo da duwatsu, sa'an nan a tarar da ruwan a ɓoye cikin tsagin dutse, siriri, ana jin ƙararsa tun ba a gan shi ba. Stock Ghyll Force kuwa a bayan garin Ambleside take, tafiyar mintoci kaɗan, kuma rafinta ne a dā yake juya injunan masana'antun garin. Skelwith Force a kan kogin Brathay gajeruwa ce, ba ta wuce mita 5 ba, amma yawan ruwanta da rurinsa sun fi na dogwayen.

Akwai kuma Lodore, a gefen tafkin Derwentwater, wadda mawaƙi Robert Southey ya yi wa waƙa a 1820 har sunanta ya bazu. Baƙi da yawa sun je da ɗoki a lokacin da aka kwana biyu ba a yi ruwa ba, suka tarar da tarin duwatsu da ɗan ruwa yana tsiyaya a tsakaninsu. Wannan shi ne darasi na farko ga mai niyyar zuwa: mafaɗar ruwa ana zuwa mata ne bayan an tafka ruwan sama. Sai dai kuma lokacin ne hanya ta fi haɗari.

Ga waɗanda Allah zai nufa da zuwa karatu ko kwas a Ingila, muna da 'yan shawarwari, don rigakafi ya fi magani. Duwatsun bakin ruwa gansakuka ta rufe su, santsinsu ya fi na sabulu, saboda haka takalmin ofis ba shi da aiki a nan, sai mai ƙarfi mai kama ƙasa. A riƙe rigar ruwa ko da an fito rana na haske, domin sama takan juya cikin sa'a guda. Ruwan da ke taruwa a gindin mafaɗa yana da sanyi ƙwarai ko da a tsakiyar bazararsu, kuma sanyin yakan ɗauke numfashin gwanin iyo ma da zarar ya faɗa. A watan Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma. A tafi da taswira, domin waya takan rasa layi cikin kwari, kuma a gaya wa wani inda aka nufa. Masu ceton waɗanda suka ɓata ko suka karye a kan duwatsun nan 'yan sa kai ne, ba a biyansu ko kwabo, suna barin aikinsu da iyalinsu ne su fita cikin dare. Kada kuma a raina rafin da ya cika: a Disamban 2015 an auna milimita 341 na ruwa cikin sa'a 24 a Honister, ambaliyar kuwa ta tafi da tsohuwar gadar Pooley Bridge a bakin Ullswater. Daɗa, yawancin ƙasar gonaki ne na masu kiwon tumaki. In ka buɗe ƙofar shinge ka rufe ta, in ka ci guzuri ka koma da shararka.

To, yaya aka yi baƙo ke ratsa gonar wani ba a ce masa kanzil? Ba haka abin yake ba tun farko. Lokacin da aka shirya kawo hanyar jirgin ƙasa zuwa Windermere, mawaƙi William Wordsworth, wanda ya fi kowa yabon yankin, ya tashi haiƙan yana suka, yana tsoron cincirindon jama'a. Jirgin dai ya iso a 1847, kuma ma'aikatan masaƙun Lankasha suka fara zuwa shan iska. Masu ƙasa suka riƙa toshe hanyoyi. A 1887 mutanen garin Keswick suka taru suka hau dutsen Latrigg ta hanyar da aka rufe, don su nuna cewa tsohuwar hanya ce ta jama'a. A 1895 Octavia Hill da Robert Hunter da wani limamin coci na yankin, Hardwicke Rawnsley, suka kafa ƙungiyar National Trust domin sayen wurare masu kyau a riƙe su amana. A 1906 aka sa filin da Aira Force ke ciki a kasuwa, ƙungiyar ta nemi gudummawa, jama'a suka tara kuɗi aka saye shi. Marubuciya Beatrix Potter da ta rasu a 1943 ta bar wa ƙungiyar kimanin eka 4,000 da gonakinta. Majalisa ta yi doka a 1949, aka mai da yankin gandun ƙasa a 1951, wata doka ta 2000 ta ƙara buɗe duwatsu ga masu tafiya, a 2017 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kun ga aikin ya ci fiye da shekara ɗari.

Rigimar da ta fi wannan zafi ita ce ta ruwan kansa. Birnin Mancesta ya cika da mutane da masana'antu, yana bukatar ruwa mai tsabta, bukata kuwa ta gaskiya. Majalisa ta yarda masa a 1879 ya datse tafkin Thirlmere. Aka gama a 1894, ruwan yana gangarawa da kansa fiye da kilomita 150 zuwa birnin. Daga baya aka datse Haweswater, aikin da aka fara a 1929, ruwa ya haɗiye ƙauyen Mardale Green, aka rushe cocinsu, aka tone ƙaburbura aka kai wani wuri. Har yau in an yi fari katangun ƙauyen sukan fito fili. Da birnin ya waiwayo kan Ullswater, inda ruwan Aira Force ke zuba, sai wani tsohon alƙali, Lord Birkett, ya miƙe a Majalisar Dattawan Ingila ranar 8 ga Fabrairu, 1962, ya yi jawabin da ya sa aka yi watsi da shirin. Bayan kwana biyu ya rasu. Daga bisani aka yarda da wani shiri mai sharuɗɗa, aka binne injunan jan ruwa a ƙarƙashin ƙasa, aka ƙayyade abin da za a ɗiba. Birni ya sami ruwa, tafki kuma ya zauna da kamanninsa. Abin lura shi ne, hanya ta biyun nan tana nan tun farko, amma ba wanda ya neme ta sai da aka sami mai cewa a'a.

Ga ma'aikatan da ke cikinmu, ga labarin wani ɗan'uwanku. Alfred Wainwright ma'ajin hukumar garin Kendal ne, aikinsa lissafi da littattafan kuɗi. A ranakun hutunsa yakan shiga bas ya tafi duwatsu. Tsakanin 1955 da 1966 ya fitar da littattafai 7 da ya rubuta kuma ya zana da hannunsa, ya bayyana hanyoyin hawa duwatsu 214, har yanzu kuwa masu tafiya suna riƙe da su.

Mun kawo duk wannan ne domin mu ma muna da namu: Gurara a Jihar Neja, Assop a Filato, Matsirga kusa da Kafanchan, Farin Ruwa a Nasarawa. Mun kuma san abin da madatsar ruwa ke yi wa gari, tun da ta Kainji da aka gama a 1968 ta sa aka tashi tsohuwar Bussa. Kogin Gurara ma an datse shi daga sama ana tura ruwansa Abuja ta bututu. Ba mu ce a kwaikwayi Ingila ido rufe ba, don ƙasarmu dabam, damina da raninmu dabam. Amma tambayoyin iri ɗaya ne. Wa ke da filin da ke kewaye da ruwan? Talaka zai iya isa wurin? In an ɗibi ruwa, nawa za a bar wa kogi da mutanen da ke bakinsa? Wata rana fayil mai ɗauke da irin wannan tambaya zai sauka a teburin wani daga cikinku.

Roƙonmu ga ƙungiya shi ne ta shirya tafiya zuwa mafaɗar ruwa mafi kusa da mu a ƙarshen damina, lokacin da ruwa ke da yawa. A fara da gaida mai gari a nemi izininsa da ɗan jagora. Ɗaliban labarin ƙasa su auna su zana hanya, na tarihi su tambayi dattawa sunan wurin da labarinsa, na shari'a su binciko wanda ke da ƙasar, sa'an nan a buga abin da aka samo a mujallar nan. Wanda ya taɓa tsayawa a gindin ruwa feshinsa ya jiƙa masa riga, in an kawo masa takardar wurin zai karanta ta da kyau kafin ya sa hannu, domin gani ya kori ji.

Shugaban taro, nan za mu dakata don a sami lokacin tambayoyi. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu riƙe amanar ƙasarmu.