Ruwan Sama Ya Sauya Hali, Kasafin Ƙaramar Hukuma Bai Sauya Ba

Laccar da aka gabatar a gaban taron masu unguwanni, kansiloli, malaman gona da ɗalibai a mazaɓar Sarkin Dawaki, Jalingo

  

Na san akwai mai tambaya a ransa: me ya kawo maganar karkara cikin garin Jalingo? Amsar tana zaune a kan kujerun nan. Da wuya a sami gida a Sarkin Dawaki da ba shi da gona a Kona, ko Ardo Kola, ko Yorro, ko Lau. Ma'aikaci yana noma, ɗan kasuwa yana noma, wanda ba ya noma kuma yana awo. Sannan ruwan da ya sauka a kan duwatsun Yorro ba ya kwana a can. Mayo Gwoi da Lamurde suna kawo mana shi har gida. Dattawan da ke nan ba su manta da Agustan 2005 ba, lokacin da gadar Nukkai ta rufta da jama'a a kanta, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Ba zan cika ku da bayanin kimiyya ba, sai abu ɗaya da ya kamata kowane kansila ya riƙe. Duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da maki 1 a ma'aunin Salshiyos, tana iya ɗaukar ƙarin laima da ta kai kimanin kashi 7 cikin 100. Iskar da ta ɗauki ruwa da yawa, in ta tashi saki, da yawa take saki. Kafin ta saki kuma, ta tsotse ƙasa ta bar shuka da ƙishi. Shi ya sa za ka ga jimillar ruwan shekara ba ta ragu da wani abin a zo a gani ba, amma manomi yana kuka. Ruwan da ake so ya rarrabu cikin mako uku sai ya sauko a dare guda. Ruwan farko ya yaudari mutane su yi shuka, sai sama ta ɗauke, iri ya ƙone a rami, a sake sayen wani. Daminar 2024 ta nuna mana fuskokin biyu: a tsakiyarta ruwa ya ɗauke a sassan jihar nan har masara ta fara naɗe ganye ana roƙon ruwa, kafin ta ƙare kuma ambaliya ta karya gadar Namnai a Gassol, ta yanke hanyar Jalingo zuwa Wukari, aka koma tsallaka mutane da doya da shinkafa a kwale-kwale.

Da an ambaci ambaliya, sai mu ɗora wa madatsar Lagdo laifi. Gaskiya ne Kamaru ta kammala wannan madatsa a 1982, kuma ta Dasin Hausa da aka ce za a gina a Fufore don tare ruwan da ake saki har yau ba ta tabbata ba. Gaskiya ne a 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a ƙasar nan, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, ta 2022 kuma ta kashe sama da 600. Mutanen Lau da Karim Lamido da Gassol da Ibi sun ji a jikinsu. Amma masana ruwa sun sha faɗa cewa kaso mai yawa na abin da ke cika Binuwai daga kogunanmu na gida yake fitowa, irin su Taraba da Donga da Katsina-Ala. Ruwan da ya ci Nukkai bai biyo ta Lagdo ba. Zargin maƙwabci yana da daɗi, domin ba ya sa ka gyara komai.

A sama, takardu sun cika. Shugaba Buhari ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi a Nuwamban 2021. Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA tana fitar da na ambaliya har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Duk ba laifi. Tambayata ita ce: a cikin ƙananan hukumomi 16 na Taraba, wace ce ke ɗora waɗannan hasashe a kan teburi ranar da take tsara kasafinta?

Kada wani ya ce ba huruminta ba ne. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina da kula da hanyoyi da magudanan ruwa da kasuwanni, ya ba ta hannu wajen bunƙasa noma da albarkatun ƙasa, ya kuma ce ta ba jiha shawara kan tsarin tattalin arziki. Ku duba wannan jeri da kyau. Babu ko ɗaya a ciki da ruwan sama ba ya taɓawa. To, nan ne gundarin maganata take. Shirin jure wa sauyin yanayi ba wani sabon ofishi ba ne da za a buɗe, a sayi mota, a naɗa darakta. Tambaya ce da za a riƙa yi wa duk aikin da dama can ake kashe wa kuɗi: shin wannan abu zai iya da ruwan yau da farin yau?

Mu ɗauki kwalbati, tunda shi ne sarkin ayyukan ƙaramar hukuma. Yadda aka saba, ana duba kuɗin da ke akwai, sannan a yanke girman kwalbatin. Ɗan kwangila ya zo da rani, rafi ya bushe ƙayau, ya jera zoben siminti biyu, ya zuba jar ƙasa a kai, a shafa fenti, a ɗauki hoto. Tsohon da ke zaune a gindin tsamiya yana kallo, zai iya nuna maka da sandarsa daidai inda ruwa ya kai a jikin bishiyar bara da bara waccan, amma ba wanda ya tambaye shi. Agusta na zuwa, ruwa ya tara kara da itace a bakin zoben, ya toshe, ya zagaya ta gefe, ya ci hanyar, ya buɗe kwazazzabo a gonar da ke ƙasa. Baɗi a sake sa kwalbatin a kasafi, da girman da aka yi shi a da. Kuɗin da aka kashe sau biyu ko uku da sun isa a gina babba mai kusurwa huɗu, da fikafikan siminti da ke riƙe gefensa, tun karon farko. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniya ya zo da ma'auninsa, tsoho ya zo da sandarsa, sannan a yanke girma.

Haka rijiyar burtsatse da aka haƙa a Satumba, lokacin da ruwan ƙasa ke sama, ta ƙafe a Maris daidai sanda ake bukatarta. Haka ajin makaranta da aka yi wa rufin kwano ba tare da an ɗaure shi da kyau ba, iskar bazara ta yaye.

Sai batun lokaci, wanda a ganina ya fi kowanne ciwo. Shekarar gwamnati tana farawa a Janairu, kuɗi kuma sai sun ga dama suke fitowa. Shekarar manomi tana farawa da ruwan Afrilu ko Mayu, kuma ba ta jiran sa hannun kowa. Takin da aka ƙaddamar da rabonsa da kiɗa da jawabi a Agusta, masara ta riga ta yi goyo, ba taimakon manomi ba ne, taimakon ɗan kasuwar da zai saye ya ajiye ne. Alhali iri mai dacewa yana nan. Cibiyar IAR da ke Samaru, Zariya, ta fitar da nau'o'in masara na SAMMAZ masu saurin nuna da masu jure fari da wuta-wuta. A 2017 an fitar da shinkafa FARO 66 da FARO 67, waɗanda ke iya rayuwa ko ruwa ya shanye su na kusan mako biyu. Ku gaya mini, a fadamun Lau da Karim Lamido, manoma nawa suka taɓa riƙe wannan iri a tafin hannunsu? Ba sabon bincike muke jira ba. Malamin gona muke jira, mai babur da mai a tankinsa, wanda zai isa ƙauye a Maris da iri da hasashen NiMet a bakinsa, cikin Hausa da Fulatanci da Mumuye da Jukun.

Akwai waɗanda suka gwada, kuma ba Turawa ba ne. A Kenya, gundumomin da fari ya addaba sun kafa asusun sauyin yanayi na kansu. Makueni ta ware kashi 1 cikin 100 na kasafin ayyukan raya ƙasa tun 2015, Wajir ta yi doka a 2016 ta ware kashi 2. Abin da ya burge ni ba yawan kuɗin ba ne. Kashi 70 cikin 100 na asusun ana kashe shi ne a kan ayyukan da kwamitocin mazaɓu suka zaɓa da kansu, jami'an gunduma kuma aikinsu duba ingancin aikin, ba sauya zaɓin ba. Gundumar Kenya ta fi ƙaramar hukumarmu girma da iko, na sani, amma mazaɓa mazaɓa ce a ko'ina.

Kusa da gida kuma akwai Maraɗi. Tun wajajen 1983, tare da wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, manoma suka fara barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sassabe shi a ƙone. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a kudancin Nijar. Ba dashe aka yi ba. Abin da ya sa aikin ya kama shi ne manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, ma'aikacin daji ba zai ci shi tara a kansa ba, wani kuma ba zai sare masa da dare ba. Ƙa'ida aka gyara, itace ya biyo baya. Mu kuwa, da idonmu muka ga yadda aka yi wa madobiya, wadda 'yan katako ke kira Madrid, yankan ƙauna a dazuzzukan jihar nan, tirela bayan tirela, har sai da aka dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018. Yanzu gawayi ya karɓi aikin, bai bar ɗorawa ba, bai bar kaɗanya ba. Tudun da aka aske ba ya riƙe ruwa, sai ya turo shi Jalingo. Majalisar kansiloli tana da ikon yin dokar da za ta kare itatuwan bakin rafi, ta kuma tsara inda za a ɗebi yashi. Wannan ba ya cin ko sisi, sai ƙarfin hali.

Ba zan tsallake burtali ba, ko da yake maganar tana da zafi. Idan fari ya tura shanu zuwa fadama tun kafin a girbe, manomin rani kuma ya tura injin ban ruwansa har bakin mashaya, kowa ya san abin da ke biyowa, jihar nan ta binne 'ya'yanta da yawa a kan haka. Tsarin raya ƙasa da ya zana hanya da kasuwa amma bai zana burtali da mashaya ba, rabin tsari ne. Jauro da arɗo su zauna a kan taswira ɗaya, da rani, tun zuciya tana sanyi.

Za a ce ina kuɗi? A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, amma ko gobe kuɗin suka fara shigowa, ciyaman da ba shi da tsari zai ƙara yawan kwalbatocin da ruwa zai ci ne kawai. Tsarin ya kamata ya riga kuɗin zuwa.

Ga abin da nake roƙo, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Da kaka, a Oktoba ko farkon Nuwamba, sanda tabon ruwa ke jikin bango kuma ana shirin rubuta kasafin baɗi, kowace mazaɓa ta yi zama. A shimfiɗa babbar takarda a ƙasa, a zana inda ruwa ya bi, inda ya kwanta, gonakin da suka ƙone, rijiyoyin da suka ƙafe. A kira mata, ba don cika kujera ba: su ne ke ɗebo ruwa, su suka san rijiyar da ke fara ja da baya, kuma a ƙasar Mumuye da Kona su ne rabin gona. A fitar da ayyuka uku kacal, a jera su bisa muhimmanci, mai unguwa da kansila su sa hannu, a manna kwafi a ƙofar gidan mai unguwa don kowa ya gani. Ɗalibanmu na Jami'ar Jihar Taraba da Kwalejin Aikin Gona, maimakon ku rubuta kundin digiri kan abin da aka rubuta sau ɗari, ku zo ku riƙe musu alƙalami da ma'auni.

Masu girma kansiloli, ku ne ke amincewa da kasafi. Idan ya zo gabanku bana, kada ku ɗaga hannu sai kun tambayi kowane aiki: wa ya nemi a yi shi, an auna ruwan wurin, kuma a wane wata kuɗinsa za su fito? Iyayenmu masu unguwannin Sarkin Dawaki, ina roƙonku ku fara kiran wannan zama da kakar bana, sauran mazaɓu su gani su kwaikwaya.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye mu daga fari da ambaliya.