Mai Karatu Cikin Karusa

 

Wani dattijo mai sayar da riɗi ya tare ni da maganar da ta hana shi barci. Ɗansa na fari yana karatu a Hartum, sai yaƙi ya tashi cikin watan Afrilu na 2023, makarantu suka watse, yaro ya komo gida. Yanzu ya sami hanyar zuwa Alƙahira. Amma ba aikin likita zai koyo ba. So ya ke ya koyi labarin addinan mutanen dā, da hikimar Yunanawa wadda a ke kira falsafa, da kufan biranen da suka shuɗe. Uban ya ce mini, "Malam, in sa masa albarka ya tafi karatun gumaka? In ya komo ba addini fa?"

Ban raina tsoronsa ba, gama tsoron uba ne. Sai na tuna masa da kakanninmu. Su ma ba su zauna gida ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'ar Mai Wurno suka nufo gabas, waɗansu kuma suka biyo hanyar hajji da ƙafa, shekara da shekaru, suna noma suna gaba. Tafiya neman Allah ce ta kawo Hausa ƙasar nan.

Kufan da yaron ke marmari kuwa ba duka ne ke nesa ba. Fau tana gefen kudu na Butana. A can arewa, kusa da Shandi, wajen kilomita 200 daga Hartum, akwai kufan Marawi ta dā a Bajarawiya. Ba Marawin madatsar ruwa na ke nufi ba, wannan dabam ce. Nan ne babban birnin ƙasar Kush, har wajen shekara ta 350 bayan haihuwar Almasihu. Sarakunansu sun gina wa kansu dala a kan kaburbura, suna kuma yi wa wani gunki mai kan zaki sujada, sunansa Afedemak. Uwar sarki ko sarauniya tana da sarauta, a kan ce mata Kandake.

Baƙi sun zo kufan nan, kowa da abin da ya kawo shi. A 1834 wani mutumin Italiya, Ferlini, ya zo neman zinariya. Ya rurrushe dala, ya sami kayan adon wata sarauniya, ya kai Turai ya sayar. Daga baya wani malamin Ingila, Griffith, ya duƙufa a kan rubutun mutanen Marawi, wajen 1911 ya gane muryar baƙaƙensu, su 23. To, ga abin mamaki. Tun daga lokacin masana suna iya ɗaukar rubutun su karanta da ƙarfi, baƙi bayan baƙi. Sun gane sunayen sarakuna, da sarautu, da addu'o'in kan kabari. Amma dogayen rubuce-rubucen, yawancin ma'anarsu a rufe ta ke. Shekara ɗari da ɗoriya baki yana faɗi, zuciya ba ta ji ba.

Wannan ya kawo ni ga wani mutumin ƙasar nan tamu. Labarinsa yana cikin Ayyukan Manzanni, sura 8. An kira shi mutumin Habasha, amma a bakin Yunanawa na zamanin nan Habasha ita ce ƙasar baƙar fata da ke kudu da Masar, sarauniyarsa kuwa Kandake ce. Watau ma'ajin fadar Marawi ke nan. Dukiyar sarauniya duk tana hannunsa. Yana da haikalin zaki a ƙofar gida, duk da haka ya ɗaura karusa, ya bi Nilu, ya ratsa Masar da hamada, tafiyar makonni da yawa, har Urushalima, domin ya yi wa Allahn Ibrahim sujada.

Ku lura da wani abu. Mutumin nan bābā ne, irin bayin fada da a ke dandaƙewa. Bisa ga shari'ar Musa irinsa ba ya shiga taron jama'ar Ubangiji. Ya sha wannan doguwar tafiya, ya ga tsohon birni da ƙaton haikali, amma iyakarsa waje. Wani da ya yi fushi ya ce ba ya ƙara waiwayar addinin nan. Shi kuwa ya kamo hanyar gida da littafin Annabi Ishaya a hannu, littafin da ya riga ya tsufa da ɗaruruwan shekaru.

Yana cikin karusa a hanyar Gaza, yana karatu da ƙarfi. Ya kai wurin da annabin ke zancen wani bawan Allah marar laifi, wanda aka zalunta a shari'a, aka kashe shi, bai kuwa kāre kansa ba, domin laifin waɗansu ya ɗauka. Sai ga wani matafiyi a ƙasa, sunansa Filibus, Ruhun Allah ne ya aiko shi. Ya ji karatun, ya tambaye shi ko yana fahimta. Ku 'yan kasuwa kun san manya. Wane ma'aji ne zai yarda a gaban barorinsa cewa karatu ya fi ƙarfinsa? Wannan ya yarda. Ya matsa, ya ba mai ƙurar ƙafa wurin zama a karusarsa. Tambayarsa kuma ba a kan nahawu ba ce, ko shekarar da aka yi rubutun. So ya ke ya san ko wane ne wannan da aka kashe.

Filibus ya fara daga wurin nan, ya ba shi labarin Yesu Almasihu, yadda aka gicciye shi a birnin nan da ma'aji ya baro, yadda Allah ya tashe shi daga matattu, yadda kuma ba ya korar baƙo ko bābā. Da suka iso ruwa, ma'aji da kansa ya roƙa a yi masa baftisma. Wanda aka tsayar a waje ya shigo. Ya kama hanyar Nilu da farin ciki.

Na ce wa dattijon, "Baba, mai sayen riɗi ba ya biya sai ya soka hannu cikin buhu ya ga ƙwaya. Ɗanka ma so ya ke ya soka hannu. Ka sa masa albarka. Ka dai gargaɗe shi kada ya tafi irin tafiyar Ferlini, mai fasa kabari domin abin sayarwa. In ya kai inda bai gane ba, ya faɗa, ya nemi wanda zai zauna kusa da shi."

Dattijo ya yi shiru. Ya auna wa wata mata riɗi, ya karɓi kuɗi, sa'an nan ya juyo ya tambaye ni ko littafin Ishayan nan akwai shi da Hausa. Na ce akwai, tun 1932, da Larabci ma akwai. Ya ce in kawo masa na Hausa ran kasuwa mai zuwa, yaron ya karanta masa kafin ya tashi.