Igiyar Aure a Kan Iyakar Ƙasa: Matsayin Auren Jinsi a Idon Shari'a



Mutumin Makarfi idan ya ɗaura aure ya tashi ya koma Kano ko Maraɗi, ba ya tunanin wani zai tambaye shi ko matarsa tana nan a matsayin matarsa. Amma masana shari'a sun daɗe da sanin cewa takardar aure ba ta da ƙarfin fasfo. Kowace ƙasa tana da ikon buɗe ta, ta karɓa ko ta mayar. A yau ba inda wannan ya fi fitowa fili kamar a batun auren jinsi, watau namiji da namiji ko mace da mace. Abin da ya tara mu shi ne hukuncin doka, gama hukuncin addini ba baƙo ba ne ga kowa a zauren nan.

Alƙalin da aka kawo wa auren ƙetare yakan yi tambaya uku. Shin an ɗaura shi bisa ƙa'idar wurin da aka ɗaura? Shin dokar ƙasar da ma'auratan suke zaune dindindin ta ba su ikon yin sa? Ta ukun ita ce mai sanda: ko amincewa da shi zai ci karo da tushen ɗabi'un ƙasar da alƙalin yake zaune? Idan ya ci karo, amsar biyun farko ta tashi a banza.

Holan ce ta fara halatta irin wannan aure a 2001, Afirka ta Kudu ta bi a 2006, Amurka kuma ta game dukan jihohinta da shi a 2015. Nijeriya ta ɗauki wata hanya. Majalisar Dattawa ta zartar da ƙudurin haramci a Nuwamba 2011, lokacin Ahmed Mohammed Makarfi yana wakiltar Kaduna ta Arewa, Shugaba Goodluck Jonathan kuma ya sa hannu a Janairu 2014. Jama'a sun fi riƙe ɗaurin shekara 14 da dokar ta tanada. A ganina, abin da ya fi shafar ma'aikaci yana cikin sashe na farko, inda aka ce takardar irin wannan aure da wata ƙasa ta bayar ba ta da inganci a Nijeriya, kuma ba kotun da za ta tilasta biyan wani haƙƙi da ya samo asali daga gare ta.

Alal misali, a ce mutumin Kudan ya zauna a Ingila, ya yi irin wannan aure a can, sa'an nan ya rasu ya bar gida a Landan da gona a Kudan. Dokar Ingila za ta ɗauki abokin zamansa magaji, ta ba shi rabonsa a gidan. Gona kuwa, ƙa'idar shari'a ita ce dokar wurin da take ita ke hukunta ta, saboda haka magadan jini ne za su raba, shi kuwa ko taki ɗaya ba shi da shi. Haka zancen yake ga fansho da garatuti idan takardar ta iso teburinku. Wannan shi ne abin da masana ke kira gurgun aure: yana tsaye a wata ƙasa, ya faɗi a wata. Har saki ma yakan gagara, domin kotun da ba ta yarda an ɗaura ba, ba ta da abin da za ta kwance. Sai da Kanada ta gyara dokarta a 2013 don baƙin da suka yi aure a can su sami hanyar rabuwa.

A Turai an nemi tsaka-tsaki. Wani ɗan Romaniya ya auri Ba'amurke a Beljiyam a 2010, ƙasarsa ta hana Ba'amurken izinin zama. A 2018 Kotun Tarayyar Turai ta ce dole a ba shi izinin, amma ba ta tilasta wa Romaniya ta riƙa ɗaura irin wannan aure a cikin gida ba.

Kada mu ɗauka abin bai taɓa mu ba, domin sandar nan ta uku an daɗe ana dukan aurenmu da ita. A 1866 wani alƙalin Ingila, Lord Penzance, ya bayyana aure da cewa haɗuwar namiji ɗaya ce da mace ɗaya, ya ƙi sauraron ƙarar auren da ke ba miji damar ƙara mata. Sama da shekara 100 aka yi, sai a 1972 majalisarsu ta buɗe wa irin auren ƙofar kotu. Duk da haka, tun daga dokar shige da fice ta 1988, mai mata biyu da ya koma Ingila ɗaya kaɗai zai kai a matsayin mata. Ɗayar tana da shaidu, an biya sadakinta, kotun Ingila ma ba ta musun aurenta, amma a Ikara za ta zauna.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin masu tambaya.