Jawabi ga Hakimai da Malamansu a kan Haɗa Taki

Ƙasar Dambatta da Bichi da Minjibir yawancinta jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, ga shi kuma yawan jama'a ya hana a bar gona ta huta. Abin da ya riƙe ta tun kakanni shi ne takin da jakuna ke kai mata a mangala da rani. Wanda ya ga farin 1973 ya san darajar ƙasa mai riƙe laima.

Ga yadda ake haɗa takin lambu da na ƙananan itatuwa. A haƙa rami a inuwa, zurfin kamu biyu. A zuba busasshen ganye kwando uku, kashin awaki kwando ɗaya, a barbaɗa toka kaɗan, kana a yayyafa ruwa. A yi ta jerawa haka har ramin ya cika. Sharar juji kuwa, sai an tsince leda da batir. A riƙa juyawa duk mako biyu. Cikin wata uku zai ruɓe ya yi baƙi.

Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Saboda haka mai dasa mangwaro ko darbejiya ya cuɗa ruɓaɓɓen taki kwando ɗaya da ƙasa kwando uku.

Ana roƙon hakimai su sanar da dagatai da masu unguwa tun da kaka, domin takin ya isa kafin faɗuwar damina.