Hoton Haja Alkawari Ne

Wannan shi ne jawabin da aka karanta wa fataken hatsi da na dabbobi a wani taro da suka yi a Kontagora, Jihar Neja. An buga shi nan domin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal, tun da yake su ne ke karɓar kayan a can.



Kowa ya san Kontagora garin noma ne da fatauci, tun daga zamanin Umaru Nagwamatse, Sarkin Sudan na fari, wanda ya kafa ta cikin ƙarni na 19. Babbar hanyar mota ta ratsa garin, ta bi ta Mokwa, ta ƙetare Kwara a gadar Jebba, ta wuce Ilori da Badun har Ikko. Ta nan masara da dawa da wake da shanu da raguna ke gangarawa Kudu.

A da, falke shi ke bin kayansa. In ya isa kasuwar Mile 12 ko ta Bodija, mai saye ya soka hannu cikin buhu, ya ɗebo, ya duba, sa'an nan a yi ciniki. Amma tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, aka kuma kafa Facebook a 2004, da WhatsApp a 2009, da Instagram a 2010, al'amarin ya sake. Yanzu hoton kaya ya kan riga mota isa Ikko da kwanaki, a kansa ake tayi, a kansa ake aiko da kuɗi. Hausawa na cewa ba a cinikin biri a sama. To, ga shi yau ana yi, hoto kuwa shi kaɗai ke sauko da birin ƙasa. Saboda haka wanda ya aika da hoton hajarsa, alkawari ya ɗauka cewa abin da aka gani shi mota za ta sauke.

Sharaɗi na fari shi ne haske. A ɗauki hoto da hantsi ko da la'asar, a fili, mai ɗauka ya juya wa rana baya, ya kuma goge gilashin wayarsa. Cikin rumfa mai duhu launin kaya ba ya fita sosai, launi kuwa kuɗi ne. A ƙasar Yarabawa jan wake ya fi farin wake shiga, don haka wanda ya yi wa hoton wakensa kwalliya da na'urar waya har launin ya sauya, ya sayar da abin da ba shi da shi.

Na biyu shi ne ma'auni. Hoto ba ya faɗin girman abu sai an ajiye wani abin da aka sani kusa da shi. Mai hatsi ya cika mudu ko tiya ya ajiye bakin buhu, ya kuma ɗebo ƙwayar a tafin hannu a ga girmanta. Kada ya tsaya ga na saman buhu, ya tono na tsakiya ya nuna, domin nan ne tsakuwa da ƙwari ke ɓuya. Mai rago kuwa ya tsayar da shi a ƙasa mai daidai, mutum na riƙe da shi, ya ɗauke shi ta gefe da ta baya, ya buɗe bakinsa a ga haƙora don a san shekarunsa. Akwai masu durƙusawa su ɗauko dabba daga ƙasa don ta yi kama da ƙasaitacciya. Wannan dabara ta kan ci sau ɗaya. Ran da mota ta sauke ragon a Alaba Rago ana jajibirin Babbar Salla, ɗan'uwan da ya riga ya karɓi kuɗin mutane shi zai sha kunya, shi kuwa falken ya rasa abokin ciniki har abada.

Na uku shi ne rubutu. Kowane hoto ya zo da sunan kaya, da farashi, da ranar da aka ɗauke shi, da lambar mai shi, a taƙaice, da Hausa da kuma Turanci ko Yarabanci gwargwadon masu saye. Farashin hatsi ya kan sauya daga wannan kasuwa zuwa ta gaba, hoto kuwa ya kan yi ta yawo hannu zuwa hannu har wata guda. Abin da aka sa a Status na WhatsApp sa'a 24 kawai yake yi ya ɓace, don haka ya dace da farashin yini. Hotuna uku masu kyau sun fi ashirin marasa kan gado, domin mai kallo da kuɗinsa yake sayen data.

Akwai kuma abin da hoto ba ya iya nunawa ko kaɗan. Ba ya nuna danshin masara, ba ya nuna maganin ƙwarin da aka zuba wa wake. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a cikinsa. Nan sai mai kaya ya faɗa da bakinsa, ya rubuta ƙarƙashin hoton lokacin da aka girbe da yadda aka adana.

Daga ƙarshe, ana jan kunnen matasa masu yi wa iyayen gidansu talla da su bar kwaso hotunan kayan wasu daga intanet, su kuma bar sa fuskar mutum cikin talla ba da izninsa ba. Su ma 'yan'uwa na Kudu da sauran aiki a kansu. Kafin su aiko da kuɗi ga wanda ba su sani ba, su nemi ya ɗauko sabon hoto nan take, da takarda mai kwanan watan ranar a jikin buhun, ko kuwa su tura wani nasu na gida ya je ya gani da idonsa.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai matafiya lafiya. Wassalam.