Sha-Kauci da Kauci: Wa Ke Cin Arzikin Wani?



Bahaushe ya ga wani ɗan tsuntsu mai dogon baki lanƙwasasshe ba ya rabuwa da furen kauci, sai ya raɗa masa suna sha-kauci. Yau muna so mu ɗora su biyun a kan ma'auni, domin mun lura ana yabon tsuntsun, ana tsine wa tsiron, alhali ba a saurari kowannensu ba.

Laifin kauci sananne ne. Ba ya kafa saiwa a ƙasa. Kan reshen kaɗanya ko ɗorawa yake zama, ya huda itacen yana tsotsar ruwansa. Manoman koko a Gana sun daɗe suna kuka da shi, mu ma mun ga kaɗen da ya busar. Amma a yi masa adalci: ganyensa kore ne, da hasken rana yake haɗa wani ɓangare na abincinsa. Rabin cima-zaune ne, ba cikakke ba.

Sha-kauci kuwa, namijin ado gare shi, gashinsa na walƙiya kamar an shafa masa shuni, macen ba ta da wani kwalliya. Waƙarsa siririya ce mai sauri. Wanda ya shiga kurmin Ngel Nyaki, a tsaunin Mambila ta jihar Taraba, zai ji su tun da asuba.

Ga inda abin mamakin yake. Furen kauci iri da yawa ba ya buɗewa da kansa. Yakan nuna, kansa ya sauya launi, ya tsaya a rufe yana jira. Sai tsuntsun ya zo ya cusa baki neman ruwan zaƙi, nan take furen ya fashe, ya watsa masa garin fure a goshi, shi kuma ya kai wa fure na gaba. Ashe wanda muke ɗauka ɓarawon zuma ɗan aike ne, ladansa yake sha.

'Ya'yan kuwa wasu tsuntsayen dabam ke ci. Ƙwayar na da danƙo, sai ta manne a reshe, kauci ya tsira a sabon gida.

Saboda haka manomin da ya sare kauci daga kaɗanyarsa yana da hujja, ba mu ga laifinsa ba. Amma a kurmi lissafin dabam ne: in tsuntsun ya yi ƙaranci, furen ya bushe a rufe, in kaucin ya ƙare, an rage wa tsuntsun akushi guda.